Ingila Ba Ita Ce Birtaniya Ba, Khartum Ba Ita Ce Sudan Ba



Akwai wani kuskure da muka gada tun daga kakanni, muna yin sa kullum ba tare da mun kula ba. Idan za mu ambaci ƙasar Turawan da suka mulki Sudan da Nijeriya, sai mu ce Ingila, mutanenta kuma mu ce Ingilishi, kamar dai duk tsibirin gida ɗaya ne mai uwa ɗaya da uba ɗaya. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, me ya kai shi shafin al'adun Hausa? To, mu muna ganin ba ƙarami ba ne, domin irin wannan kuskuren ne ake yi a kanmu, kuma mu ne ke biyan kuɗinsa. Wanda ya ɗauki babban birni da harshen babban birni ya ce su ne ƙasa gaba ɗaya, shi ne mutumin da zai dubi Bahaushen da aka binne cibiyar kakansa a Gadarif ya tambaye shi, "Kai daga ina kake?"

Bari mu fara da ƙasar kanta. Faɗin Birtaniya duka bai wuce murabba'in kilomita 243,000 da 'yan kai ba, alhali Sudan ta yau ta haura miliyan 1.8. Jiharmu ta Gadarif kaɗai, mai murabba'in kilomita kusan 75,000, saura kaɗan ta kai girman Scotland. A cikin wannan ɗan taƙin tsibiri da gefen maƙwabcinsa akwai ƙasashe huɗu: Ingila mai birnin Landan, da Scotland mai Edinburgh, da Wales mai Cardiff, da Ireland ta Arewa mai Belfast. Mutanensu sun kai miliyan 67 a lissafin 2021, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 a Ingila suke. Kudu da gabas fili ne shimfiɗaɗɗe mai albarkar noma, nan kogin Thames ya ratsa Landan ya faɗa teku. Arewa da yamma kuwa tuddai ne da duwatsu da ruwan sama mai yawa, ƙasar tumaki da masunta da mahaƙa. Dutsen da ya fi kowane tsawo, Ben Nevis, mai mita 1,345, a Scotland yake. Na Wales, wanda masu ƙasar ke kira Yr Wyddfa, mita 1,085 ne.

Wannan shimfiɗa ita ta rubuta tarihinsu. Duk baƙon da ya ƙetaro teku da takobi, fili yake fara ci, masu gida kuma su ja da baya zuwa duwatsu da harshensu da waƙoƙinsu. Haka Rumawa suka zo suka kafa Landan kusan shekara 2,000 da suka wuce. Haka a ƙarni na 5 wasu ƙabilu, Angil da Sakson, suka taso daga inda ake kira Jamus da Denmark a yau suka mamaye filin, kuma daga sunan Angil ne aka samo sunan Ingila. Ga abin da ya kamata kowane Bahaushen Sudan ya riƙe: waɗannan sababbin zuwa sun dubi mutanen da suka tarar a tsibirin suka laƙaba masu wani suna da ke nufin baƙi a harshensu, kuma daga wannan kalma aka samo sunan Wales. Su kuwa masu sunan, har gobe Cymry suke kiran kansu, wato 'yan ƙasa ɗaya. Ashe kalmar baƙo ba koyaushe take faɗin wanda ya riga wani zuwa ba. Sau da yawa tana faɗin wanda ya fi wani ƙarfi ne kawai. Bayan su, a 1066, Normawa suka zo daga Faransa suka ci Ingila, fada ta yi ɗaruruwan shekaru tana magana da Faransanci. Gidan sarautar da ke kan gado yanzu ma, sai a 1917 ya yar da sunansa na Jamusanci ya ɗauki sunan Windsor. In da tonon asali ne ke tabbatar da ɗan ƙasa, da ba a bar kowa a Landan ba.

Haɗuwar ƙasashen nan huɗu ma ba a rana ɗaya aka yi ta ba, kuma ba duka da daɗin rai ba. Sarki Edward na Ɗaya ya ci Wales da yaƙi a 1283. Scotland ta haɗa sarki da Ingila a 1603, ta haɗa majalisa a 1707, amma ta riƙe shari'arta da cocinta da tsarin makarantunta har yau. An jawo Ireland a 1801, mafi yawanta ta ɓalle a 1922 bayan an zubar da jini. Samarinmu masu kwana a gidajen kallon ƙwallo sun riga malamai sanin wannan: babu ƙungiyar Birtaniya a gasar cin kofin duniya, kowace daga cikin huɗun da tata rigar, kuma wanda ya kira Alex Ferguson ko Gareth Bale Ba'ingilishe ya nemi faɗa.

Su ma waɗanda suka mulke mu, da muke yi wa kuɗin goro da sunan Ingilishi, ku duba su ɗaya bayan ɗaya. Kitchener, wanda ya jagoranci yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba, 1898, a Ireland aka haife shi. Hector MacDonald, wanda ya riƙe rundunar sojojin Sudan a wannan rana, ɗan talakan manomi ne daga tuddan Scotland, kuma da harshen Gaelic ya tashi. Wingate, wanda ya yi gwamnan Sudan daga 1899 zuwa 1916, shi ma haifaffen Scotland ne. Tutar da suka kafa a fadar Khartum ɗinkin tutoci uku ce, ta Ingila da ta Scotland da ta Ireland, Wales kuwa ko zare ba ta samu a ciki ba. An daɗe ana faɗin cewa a kan zanen wannan tuta Kitchener ya shata titunan sabuwar Khartum. Dubi ikon Allah: birnin da daga baya zai riƙa tantance wane ne asalin ɗan Sudan, an zana shi bisa tutar mutanen da su kansu haɗin gambiza ne.

Yanzu mu dawo gida. Hanyar hajji ta ƙasa ta girmi kowace iyaka da Bature ya ja. Tun ƙarni na 18 mutanen yamma da ake kira Takarir suka zauna a Gallabat, nan kudu da mu, suna riƙe da kasuwar da ta haɗa Sudan da Habasha. A watan Satumba na 1898 sojojin Kanar Parsons suka taso daga Kasala suka kama Gadarif. Shekara biyar bayan haka, a watan Yuli na 1903, daular nan dai ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har bakin Kogin Nilu Shuɗi, inda garin Mai Wurno yake a yau. Kakanninmu sun guje wa Bature a yamma, suka tarar da shi a gabas. Da aka buɗe noman audugar Jazira a 1925, hannuwansu na cikin waɗanda suka tsince ta. Da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, wanda ya mai da Gadarif rumbun dawa da riɗin Sudan, su da 'ya'yansu na cikin masu cirar ciyawa da yankan riɗi. A'isha Falatiyya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ita ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Umdurman. Agashen da ake layi a kansa a kowane birni na Sudan, sunansa kaɗai ya isa shaida.

Duk da haka, a 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar da ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Ku lura da shekarar. Ta riga Burmi da shekara shida, saboda haka da alƙalami ɗaya aka bar duk zuriyar masu hijira a bakin ƙofa. Dokar jinsiyya ta 1957, bayan 'yancin kai, ta gaji wannan rana ba tare da ta taɓa ta ba. Daga baya an gyara, har dokar 1994 ta mai da ma'aunin 1 ga Janairu, 1956, amma an fi saurin gyara takarda a kan gyara zuciya. Mun tuna watan Oktoba na 2008, lokacin da wata jarida ta Khartum ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. An musanta maganar, amma sai da mutanenmu suka cika titunan Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Mun tuna Yuli na 2022 a jihar Nilu Shuɗi, inda aka kashe fiye da mutum 100 a rikicin da ya taso kan ƙasa da sarautar gargajiya, da kuma Oktoban wannan shekara a Wad al-Mahi, inda adadin ya haura 200. A ƙarƙashin kowace gawa tambaya ɗaya ce: wa ke da ƙasa, wa ke baƙo?

Masu yi mana wannan tambaya suna da hoton ƙasa guda a kansu: birni ɗaya a tsakiya, harshe ɗaya, salsala ɗaya, kowa kuma a auna shi da nisansa daga wannan tsakiya. To, mu duba Landan, uwar manyan birane masu haɗiye ƙasa. Mutanenta sun kusa miliyan 9, can majalisa take, can baitulmali, can manyan bankuna da gidajen jaridu, kuma mutanen arewacin Ingila da na Wales da na Scotland sun daɗe suna kukan cewa komai Landan ta cinye. Kukan bai tsaya a baki ba. A 1997 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, a 1999 aka buɗe majalisa a Edinburgh da wata a Cardiff, aka miƙa masu harkar makarantu da asibitoci da sauran abubuwan da suka shafi rayuwar yau da kullum. A 2014 Scotland ta jefa ƙuri'a kan ko ta ɓalle, kashi 55 suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a tafi, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Ita kanta Landan, ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum huɗu cikin goma na mazaunanta a wajen Birtaniya aka haife su, kuma tun 2016 magajin garinta Sadiq Khan ne, ɗan direban bas da ya zo daga Pakistan. Daga wannan birni ne aka fara watsa shirin Hausa na BBC a 1957, shekarar da dokar Khartum ke neman mu kawo shaidar 1897.

Mu kuwa mun ga abin da ke faruwa ga ƙasar da ta zuba ƙwanta duka a kwando ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023, ma'aikatu da jami'o'i da manyan asibitoci da rumbunan takardu suka tsaya cik a lokaci guda, gwamnati ta koma Bur Sudan. Da Madani ta faɗi a Disamban wannan shekara, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, ina jama'a suka nufa? Nan suka zo. Makarantunmu suka zama masauki, zaurukanmu suka cika, dawar da muka noma ita aka tuƙa. Ba mu ji wani Bahaushe ya tsaya a ƙofar gidansa yana tambayar mai gudun hijira takardar kakansa kafin ya miƙa masa ruwa ba. A waɗannan watanni kowa ya gani da idonsa cewa da Khartum ta durƙusa Sudan ba ta mutu ba, domin Sudan tana Gadarif, tana Kasala, tana ƙauyukan da ba a taɓa jin sunansu a rediyo ba.

Sai dai in za mu faɗi gaskiya, mu faɗe ta duka, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Akwai cikinmu masu taya abokin gaba aiki. Akwai gidajen da uba da uwa ke hira da Hausa, amma da yaro ya shigo sai a juya harshe, wai kada a gane shi a makaranta. Akwai wanda da ya samu kujera a ofis sai ya nemi wata salsala ya rataya, ya daina amsa sallamar ƙanen mahaifinsa da harshen da aka yi masa huɗuba da shi. Ga irin waɗannan muke kawo labarin yankuna biyu na tsibirin can, su zaɓi wanda suke so ya zama namu.

Na farko Wales. Dokar 1536 ta hana duk wanda ba ya amfani da Turanci riƙe muƙami a ƙasarsa ta haihuwa. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ake rataya wa yaro guntun katako a wuya idan aka ji ya yi harshen uwarsa, wanda katakon ya kwana a wuyansa a ƙarshen yini shi ke shan bulala. A 1901 rabin mutanen Wales ke jin harshensu, daga nan adadin ya yi ta zubewa. Abin da ya hana shi mutuwa shi ne rubutu da taurin kai. Tun 1588 William Morgan ya fassara masu littafinsu mai tsarki, saboda haka harshen ya samu gindin zama a takarda da wurin ibada. A 1962 Saunders Lewis ya yi jawabi a rediyo yana gargaɗin cewa harshen na bakin kabari, matasa suka kafa ƙungiya suka shiga gwagwarmaya. A 1980 dattijo Gwynfor Evans ya yi alwashin daina cin abinci har mutuwa in ba a cika alkawarin tashar talabijin da harshensu ba, aka buɗe tashar a 1982. Dokokin 1993 da 2011 suka ba harshen matsayi a hukumance. Yau allunan hanya da harsuna biyu suke, kuma ƙidayar 2021 ta samu masu jin sa 538,300. Babu wanda ya ce don haka sun daina zama 'yan Birtaniya. David Lloyd George, wanda ya shugabanci gwamnatin daular daga 1916 zuwa 1922, da harshen Wales ya fara magana a duniya.

Na biyu Cornwall, can ƙuryar kudu maso yamma. Su ma suna da nasu harshen, ɗan'uwan na Wales.  Iyaye ne suka ga Turanci ya fi riba a kasuwa, suka daina yi wa 'ya'ya magana da nasu, sannu a hankali har ya rage a bakin tsofaffi. Wata mai sayar da kifi, Dolly Pentreath, wadda ta rasu a 1777, ita ake yawan ambata a matsayin ta ƙarshe da ta tashi da shi. Jikokin jikokinsu yau suna tono shi daga tsofaffin takardu suna koyo kamar baƙon harshe. Kada wani ya ce Hausa ta fi ƙarfin haka don tana da miliyoyin masu magana a Kano da Maraɗi. Hausa ba za ta mutu a Kano ba, amma tana iya mutuwa a Gadarif, kuma Hausar Gadarif, da karin maganarta da Larabcin da ta haɗiye ta mai da nata, babu mai ajiye mana ita a wani wuri.

Mun san abin da za a ce. Za a ce muna yabon waɗanda suka kashe kakanninmu. Ba mu manta Karari ba, ba mu manta Burmi ba, kuma ba mu ce Birtaniya aljanna ce ba. A 2018 aka bankaɗo yadda hukumominta suka riƙa tsare mutanen da suka zo daga tsibiran Karibiyan tun suna yara, suka tsufa suna yi mata aiki, ana ce masu su kawo takarda ko su fita, har aka kori wasu. Wannan ciwo mun san shi. Ireland ta Arewa ta yi shekara kusan talatin cikin jini kafin sulhun 1998. Amma mai hankali yana ɗaukar darasi ko daga wanda ya cuce shi, kuma darasin a fili yake: inda aka ba yanki harshensa da majalisarsa, an zauna, inda aka danne, an rabu ko an yi jini.

Za a kuma ce riƙe Hausa ƙabilanci ne, yana raba kan ƙasa. Wa ya raba Sudan a ranar 9 ga Yuli, 2011? Yawan harsuna ne, ko kuwa nacin cewa dole kowa ya shiga riga ɗaya? Larabci namu ne, da shi muke salla, da shi muke ciniki a kasuwar amfanin gona, da shi 'ya'yanmu ke cin jarrabawa, kuma ba mu neman kowa ya rage shi. Abin da muke ƙi shi ne a ce sai mun tuɓe ɗaya kafin a yarda mun sa ɗayan. Ɗan Beja da Banube da Bafure da Bahaushe, kowa na da harshen da yake mafarki da shi, kuma Sudan ta ishe mu duka.

Saboda haka ga abin da ya rage a wuyanmu, ba sai mun jira Khartum ba. A yi wa yaro Hausa a gida ba tare da rage murya ba. Malaman allo da na zaure su koya wa almajirai rubuta ta, da ajami ko da boko, ko rabin sa'a ce a mako. Matasa masu waya su zauna gaban tsofaffin da suka rage su naɗi labarin hanyar da aka biyo, da sunan kowane zango, da shekarar da aka sari dajin kowane ƙauye, domin wannan ita ce shaidar da babu ma'aikacin da zai iya yagawa. Kowane magidanci ya tabbata 'ya'yansa, mata da maza, suna da takardar haihuwa da lambar ƙasa, kada kunya ko kasala ta bar wa jikoki wahalar da muka sha. Idan kuma aka zauna teburin tsara Sudan ta bayan yaƙi, mu je da bakinmu mu nemi a raba iko da dukiya ga jihohi, tare da maƙwabtanmu na kowace ƙabila, domin kukan Gadarif a kan Khartum ba na Hausawa kaɗai ba ne.

Daga yau kuma, idan yaro ya ce Ingila alhali Birtaniya yake nufi, a gyara masa, a faɗa masa dalili. Wanda ya koyi cewa ƙasa ɗaya na iya ɗaukar al'ummu huɗu, ba zai sunkuyar da kai ba ranar da aka tambaye shi daga ina yake. Zai ce daga Gadarif, ya faɗa da Larabci, ya maimaita da Hausa.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mai da kowane mai gudun hijira ɗakinsa lafiya. Amin.